Hawan jini ko ciwon suga: yadda zaka riƙe ciwonka da hannunka

Duk wanda ya taɓa zuwa ganin likita ranar masu hawan jini da suga ya san yadda abun yake. Ka yi sammako tun bayan asuba ka ajiye kati, ka samu benci ka zauna har rana ta take, sannan a kira sunanka ka shiga, minti goma da ƙyar an auna ka an rubuta magani an ce ka dawo bayan wata biyu ko uku. Ba laifin likitan bane, kai ma ka ga yawan mutanen da ke bayanka. Amma dan Allah ka yi lissafi, minti goma a cikin wata uku. Sauran kwanakin duk kai ne da ciwonka a gida, kai ke zaɓar abinda zai shiga bakinka, kai ke tuna magani ko ka manta, kai ne zaka fara jin jiri ko ka ga ƙafa ta kumbura. To in dai haka ne, wanda ya kamata ya fi kowa sanin ciwon nan kai ne, ba likita ba.

Kuma waɗannan ciwukan ba irin zazzaɓin cizon sauro bane da zaka sha magani kwana uku ka miƙe. Zama ake da su, a lallaɓa su, mutum ya yi shekara talatin ko fiye yana harkokinsa lafiya lau in ya iya da su. Abinda ke kai mutanenmu ƙasa yawanci ba rashin likita bane, a'a, mutum ne zai sha magani wata ɗaya ya ji garau ya ce ai na warke ya ajiye, sai bayan shekara a kwaso shi ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. Hawan jini musamman baya sallama, zai iya kaiwa 180 kana zaune kana hira baka jin komai.

Fara da littafi

Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai shafi 60 ma ya isa. Shafin farko ka rubuta sunanka, lambar katinka ta asibiti, sunan ciwon da aka ce kana da shi da shekarar da aka gano, sai lambar wayar mutum biyu da za a kira in wani abu ya faru. Shafi na biyu magunguna. Daga nan kuma sai awo, kowane da kwanan wata da lokaci. In baka iya boko ba ka rubuta da ajami, ko ka sa ɗanka ko jikarka su riƙa rubuta maka, lambobi ne dai kawai. Takardun gwaji kuma kar ka bari suna yawo a aljihun riga har a wanke su, ka ɗau hotonsu a waya sannan ka haɗa su a leda ɗaya da littafin.

Dalilin da yasa na matsa akan littafin nan shine fayil na ɓata, ana canja likita, wani lokacin tafiya ce zata kama ka ciwo ya tashi a garin da ba wanda ya san ka. Likitan da ka miƙa wa littafi ya ga awon wata uku a jere, da wanda ka ce wa "to Alhamdulillahi da sauƙi", wallahi ba irin maganin da zasu rubuta ɗaya ba.

Ka san lambobinka

Awon jini lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. In ana yawan samun 140/90 ko sama da haka, shine ake cewa hawan jini. Yawancin masu shan magani ana so su dawo ƙasa da wannan, mai ciwon suga ko matsalar ƙoda kuma likitoci da yawa sun fi son ya kusanci 130/80, amma ka tambayi naka likitan kai tsaye, "Likita, ni nawa kake so nawa ya riƙa zama?" ka rubuta amsar a littafi. Kar ka yarda ma'aikaciya ta auna ka ta ce maka "ya ɗan hau" ko "ba laifi" ka tashi, cikin ladabi ka ce Sista nawa ne, ta faɗa maka lambar.

In da hali ka sayi na'urar awo ta gida, wadda ake ɗaurawa a damtse ba ta tsintsiyar hannu ba, gida ɗaya ma za a iya haɗa kuɗi a saya tunda da wuya ka samu gidan da mutum ɗaya ne kawai ke da shi. Yadda ake awon yana da muhimmanci sosai. Ka zauna kan kujera ka jingina bayanka ka huta minti biyar, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Kar ka ci goro ko ka sha kofi ko sigari cikin rabin awa kafin awon, kuma in fitsari ya matse ka ka fara zagayawa. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu ka rubuta duka. Mai babban damtse ya nemi babban maɗauri, ƙaramin yana nuna jini ya hau fiye da yadda yake. Sannan wata rana ka tafi da na'urar asibiti a gwada ta da tasu.

Suga kuma nan ne mutane ke rikicewa saboda ma'auni biyu ne. Wata na'urar zata nuna maka 7, wata ta nuna 126, kuma duk abu ɗaya suke nufi, ƙaramar lambar ake ninkawa sau 18 a samu babbar. Ka duba na'urarka ka ga ko mmol/L ta rubuta ko mg/dL. Ga yawancin manya masu shan magani ana so awon safe kafin a karya ya tsaya tsakanin 80 da 130, wato kamar 4.4 zuwa 7.2, awa biyu bayan cin abinci kuma kar ya wuce 180, wato 10. Ƙasa da 70, wato 3.9, suga ya faɗi kenan, kuma wannan yafi hawansa saurin kisa. Tsinken gwaji yana da tsada na sani, ba sai ka yi kullum sau huɗu ba in ba allurar insulin kake ba, amma ka riƙa canja lokaci, yau da safe, jibi bayan tuwon dare, wata rana bayan ka sha fura. Ta haka zaka gane da kanka wane abinci ne ke harba maka suga sama, domin wani shinkafa ce matsalarsa, wani kuma kokon safe ne da ƙosai da burodi. Akwai kuma gwajin da ake kira HbA1c, shi yana nuna yadda sugan ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba a iya yi masa wayo da ƙin cin abinci ana gobe asibiti. Ga mutane da yawa ƙasa da 7 cikin ɗari ake nema. In baka taɓa yi ba ka tambaya.

Sunan maganinka ba "ƙaramar farar nan" bane

Wannan abu yana ci min rai. Mutum ya shekara biyar yana shan ƙwaya, ka tambaye shi sunanta ya ce fara ce 'yar mitsitsiya. Yawanci kwali yana da suna biyu, sunan kamfani da manyan baƙaƙe, da ainihin sunan maganin a ƙasa da ƙanana. Na ƙasan zaka rubuta, tare da ƙarfinsa, 5mg ne ko 10mg, da sau nawa a rana. Norvasc amlodipine ne, Glucophage metformin ne, Daonil glibenclamide ne. In baka san haka ba zaka iya sayo kwali biyu masu suna daban kana haɗiya tare alhali magani ɗaya ne ka ninka wa kanka. Haka kuma in mai tsadar ya gagare ka, sanin ainihin sunan ne zai sa ka ce wa mai famasi ya baka na wani kamfanin mai sauƙi, ka dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wajen kankarewa ka kankare ka tura lambar ta saƙon waya a tabbatar maka.

Ka kuma san halin kowanne. Amlodipine na iya kumbura ƙafa. Lisinopril na sa wasu busasshen tari wanda ba maganin tarin da zai ji, kuma shi da losartan ba a sha da ciki, don haka 'yar'uwa in kina neman haihuwa ko kin ga ɓatan wata ki gaya wa likita da wuri a canja miki. Hydrochlorothiazide na sa yawan fitsari, shi yasa ake sha da safe. Metformin na iya ɓata ciki a farko, a sha shi tare da abinci. Glibenclamide da glimepiride da allurar insulin su ke faɗar da suga in ka sha baka ci abinci ba. Akwai kuma abinda maza ke jin nauyin faɗa, wasu magungunan da shi kansa ciwon sugan suna raunana mutum wajen iyali, sai mutum ya yi shiru ya ajiye magani ya koma wajen masu maganin maza. Ka faɗa wa likita, ba kai ne na farko ba, kuma akwai abinda za a canja. Duk abinda magani ya jawo maka, komawa ake a canja wani, ba dainawa ake a ɓoye ba.

Masu insulin, ku tabbatar sirinjin ya dace da kwalbar, in an rubuta U-100 a kwalba to sirinjin ma U-100. Wadda ba a buɗe ba a firji take zama, ba a wajen ƙanƙara ba, in ta daskare ta lalace. Wadda aka fara amfani da ita yawanci sati huɗu ne wa'adinta. Inda ba wuta, dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi sosai, a saka kwalbar a roba mai murfi a ajiye ciki a inuwa. Kar a bar ta a mota ko a aljihu cikin zafin Afrilu.

In ka shiga gaban likita

Ana gobe ka zauna ka rubuta tambaya biyu ko uku da suka fi damunka, domin da ka shiga zaka manta. Ka zuba duk abinda kake sha a leda ka tafi da shi, har na gargajiya, har wanda maƙwabciya ta baka. Da ka gaisa ka fara da abinda yafi tsanani, kar ka bari sai ka miƙe zaka fita sannan ka ce af, dama ƙirjina na min nauyi in na hau bene.

Sannan gaskiya. In ka yi sati biyu baka sha ba saboda ba kuɗi, ka ce ba kuɗi. In ka ce kana sha alhali baka sha, likita zai ga jini a sama ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan ya ƙara maka, ranar da ka samu kuɗi ka haɗiye duka sai jiri ya kwashe ka. Mu Hausawa akwai kunya da kawaici, dattijo zai zauna gaban likita sa'an ɗansa yana "to, to, ranka ya daɗe" bai gane ko ɗaya ba. Tambaya ba raini bace. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, kuma a ciki akwai haƙƙin a yi maka bayani da yaren da kake ji. In Turanci ya yi yawa ka ce a faɗa maka da Hausa. Kafin ka tashi ka maimaita abinda ka fahimta, "wato wannan ɗaya da safe, wancan biyu bayan abinci, in dawo da gwajin ƙoda ko?" in akwai kuskure anan za a kama shi. In Baba ko Inna ne masu ciwon, wanda zai raka su ya zama wanda yake zaune da su a gida ya san cinsu da shansu, ba wanda ya zo daga Abuja jiya ba.

Kemis, mai tallan magani, da tukunyar miya

Haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a kemis, yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam a ciki, kuma ukun nan suna ɗaga jini suna cin ƙoda in an daɗe ana sha. Dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba ko ake cusawa cikin haɗin sanyi, suna harba suga sama ba kaɗan ba. Duk wanda zai baka magani, ko na mura ne, ka fara ce masa ina da hawan jini, ina da suga.

Na gargajiya kuma bana cewa duk banza ne. Zogale abinci ne mai kyau, zoɓo marar suga an ga yana ɗan sauke jini. Amma ɗan saukewa daban, riƙe ciwo daban. Wanda ya tsaya a bakin kasuwa da lasifika ko a rediyo yana cewa zai raba ka da suga har abada cikin sati biyu ka ajiye na asibiti, wannan ranka yake wasa da shi. In ka nace sai ka gwada wani abu, kar ka ajiye na asibiti, ka gaya wa likita, ka riƙa awo kana rubutawa, lambobin zasu gaya maka gaskiya. Addu'a da tofi kuwa ba su taɓa hana shan magani ba, neman magani ma umarni ne.

Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar ya kai giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi, da yajin tsire, da kilishi, da taliyar yara, da kanwa. Uwargida ta rage a hankali ta ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, bayan 'yan makonni harshe ya saba, kuma a rage wa gidan gaba ɗaya yafi a ware wa mutum ɗaya tukunya kamar wanda aka hukunta. Maganar kanwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta alaƙar kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, don haka mai jegon da jininta ya hau lokacin ciki a tausaya mata. Lemon kwalba kuwa, roba ɗaya mai 50cl tana ɗauke da suga wajen giram 50, kuma maltina da ake kai wa marar lafiya dubiya ita ma suga ce.

Kuɗi

Magani ya yi tsada, kowa ya sani. Ka faɗa wa likita ƙarfin aljihunka tun kafin ya rubuta, sau da yawa akwai mai araha da zai yi aikin. Kar ka riƙa raba ƙwaya biyu ko sha yau ka tsallake gobe ba tare da ya sani ba. Ka sayi na gaba tun saura na sati ɗaya. Kuma ka je ka tambayi inshorar lafiya, dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta 2022 ta buɗe ƙofa har ga wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, jihohi ma suna da nasu, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, sauran ma haka. Ka tambaya takamaimai ko magungunanka suna cikin waɗanda suke biya.

Abinda ba sai an ce maka ba

Sau ɗaya a shekara ka nemi gwajin ƙoda, na jini da na fitsari, da na kitsen jini. Mai suga ya ƙara da zuwa asibitin ido a ɗiga masa magani a leƙa bayan idon, ko da yana gani tar, domin suga na cin jijiyoyin ido tun kafin gani ya fara raguwa. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da Shika da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen ido.

Ƙafa kuma aikin kullum ne. Suga na kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko ya tsaya kan simintin masallaci mai zafi ranar Juma'a bai ji ba, sai gyambo. Kowane dare ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, in baka iya sunkuyawa a duba maka. Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsun. Ka shafa mai a dunduniya saboda faso, ka zazzage takalmi kafin ka saka, kar ka yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kar ka kara ƙafa a kaskon wuta da hunturu, kuma ka ja kunnen mai yankan farce kar ya shiga lungu ko ya fere maka kaushi da reza. Ƙaramin ciwon da ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, ko ya yi ja ya kumbura, asibiti za a kai shi.

Azumi

Kar ka bari sai an ga wata. Tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban ka je ka ce Likita ina son yin azumi, ya za a yi da magunguna? Wasu za a juya musu lokacin sha zuwa buɗa-baki da sahur, wasu a rage musu, wasu kuma, irin mai ciwon ƙoda mai tsanani ko wanda sugansa ke yawan faɗuwa, za a ce kar su yi, kuma Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara. Huda yatsa don awon suga baya karya azumi. In ka auna ka ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ko ka ji alamun faɗuwar suga, ka karya azumin a take ko da saura minti ashirin a kira magariba.

Mutanen gida su san wannan

Ka tara su ka faɗa musu tun kana lafiya. In suka ga kana karkarwa, gumi na keto maka, kana magana ba kan gado ko ka fusata ba dalili, suga ne ya faɗi, su jiƙa cokali ɗaya babba na suga ko zuma a ruwa ko rabin kofin lemo su baka, bayan minti 15 a sake awo, in bai tashi ba a ƙara, in ya tashi ka ci abinci. In ka suma kar su ɗura maka komai a baki, su kwantar da kai ta gefe su nemi mota. Kai kuma kar ka fita ba alewa ko dabino a aljihu, da 'yar takarda mai cewa kana da ciwon suga da sunan maganinka da lambar da za a kira.

In kuwa baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe da gumi da numfashi sama-sama, ko awo ya kai 180/120 tare da matsanancin ciwon kai ko amai, ba a jira gari ya waye, ba a tsaya shafa mai ko hayaƙi ana cewa iska ce. A duba agogo a riƙe lokacin da abun ya fara domin likita zai tambaya, a ɗauki littafin da ledar magani, a nufi babban asibiti mafi kusa, wanda zai yi addu'a ya yi ta a cikin mota.